Kifin Sama a Gindin Randa

Damina ce mai albarka, ta shekarar da aka ce mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa. Ruwa yakan sauko da la'asar ya ɗauke kafin magariba, kamar wanda aka yi wa iyaka. Dawa ta yi kore shar, rake a fadamar Hunkuyi ya wuce tsawon mutum tun damina ba ta raba ba, kuma duk inda aka zauna zancen tuta da ƙuri'a ake yi. Ni dai abin da na fi riƙewa game da shekarar shi ne, a cikinta na jera kwatarniyoyina a bayan ɗaki, na ce daga yau kiwon kifin sama sana'ata ce, ya tashi daga wasan yarinta.

Saboda ku na ɗauki alƙalami, jikokina da abokanku. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da shi. Ina ganinku kuna shigowa da kifayen nan na kanti da ake kawowa daga ƙasashen waje, masu jela kamar mayafin amarya, kowane namiji shi kaɗai a kwalbarsa don in an haɗa biyu sai faɗa. Kuna cewa ai abu ne mai sauƙi, ruwa ne da kwalba, a haɗa mace da namiji shi ke nan. Ba a daɗewa sai in ga kwalbar a kife a kan katanga. Naku ban san shi sosai ba, amma na yi shekaru da ɗan'uwansa na fadamarmu, halinsu kuwa kusan ɗaya ne.

Namu bai wuce ƙaramin yatsa ba. Macen fara-fara ce kamar toka, ba mai kallonta sau biyu. Namijin shi ne ɗan kwalliya, jikinsa shuɗi-shuɗi da ɗigon ja, in ya hangi wani namiji sai ya baje fukafukai ya kumbura wuya kamar zakara. Damina ɗaya yake yi a duniya. Yakan bayyana a kududdufi bayan ruwa ya zauna, a wurin da jiya-jiya busasshiyar ƙasa ce, shi ya sa mutane suka ce daga sama yake faɗowa.

Jiƙa yumɓu shi ne aikin farko da na koya a hannun Iya Kande, ƙanwar kakata, maginiyar tukwane a Taba, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ban iya ɗaura zane ba. Tana da wani rami a bakin fadama inda take haƙar yumɓunta. Kafin a kai ga yumɓun akwai baƙar laka a sama, wadda sauran magina suke kankarewa su watsar. Ita ba ta watsarwa. Wata bazara, bayan an yi ruwa, ta sa ni na zuba wannan laka a kasko na cika da ruwan sama. Da safe ta kira ni.

"Asabe, zo ki gaya mini abin da kika gani."

"Ruwa ne, Iya, da datti."

"Durƙusa da kyau. Dattin nan ido gare shi."

Na durƙusa har hancina ya kusa taɓa ruwan. Sai ga wasu abubuwa kamar tsinin gashi, kowanne da ɗigon ido biyu, suna tsalle-tsalle a gefen kasko.

Ta ce, "Bar mutane su ce daga sama yake, kar ki yi musu da kowa. Amma ke ki sani, uwarsa ce take binne ƙwai a laka kafin ruwa ya ƙafe. Kuma ba duka suke fitowa a ruwan farko ba. Ruwan farko yakan yi ƙarya, ya zo ya ɗauke. Sai Allah ya bar wasu suna jiran na biyu, wasu na uku. Don haka laka ko kin jiƙa ta, ba a zubar da ita."

Adana lakar nan shi ne rabin sana'ar. In ta bushe ƙarau, ƙwan ya mutu. In ta yi ruwa, ya ruɓe. Ana so ta zama kamar garin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu, in kin dunƙula ta haɗu, in kin taɓa ta warwatse. A zuba a tukunyar ƙasa, a rufe da faifai, a sa a inuwa, a riƙa leƙawa duk tsawon rani. Iya Kande ta daɗe tana zaɓen mazan da jan gefen fukafukansu ya fi ƙarfi tana haɗa su da mata, har ta sami wani iri da ba a samunsa a fadama. Tana kiran su masu lalle. Da aka kai ni gidan mijina Malam a Hunkuyi, cikin kayana har da wata ƙatuwar tukunya ginin hannunta, cike da lakar masu lalle. 'Yan kai amarya sun yi ta dariya, wai Iya ta yi wa jikarta gara da ƙasa.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne, amma kowanne da dalilinsa. Kwatarniya ta fi kwano, don ruwa ba ya zafi a cikinta. Matacina tsumman tsohon mayafi ne da na ɗinka a lanƙwasasshen reshe. 'Ya'yan kifi ba a kama su da mataci, sai da gashin kaza, a tura su a hankali su shiga ludayi. Kowace kwatarniya da faifanta, domin kifin nan ɗan tsalle ne, kajin gida kuma sun san haka. Ruwan rijiyarmu yana da ɗan kanwa-kanwa, ba sa son shi, sai na sama, a jefa busasshen ganyen baushe ɗaya ko biyu har ruwan ya yi kalar shayi. Kwalabe kuwa, na alewa ne da Malam yake roƙo mini a wurin masu kanti.

Ciyarwa ita ce inda ku yaran yanzu kuke faɗuwa. Kuna barbaɗa musu abinci kamar ana ba kaji tsaba, ruwa ya lalace, kifi ya mutu. Ni nakan ajiye tsofaffin kasake a bayan gida da ruwa da 'yar busasshiyar ciyawa, sauro ya zo ya yi ƙwai, ni kuma in tace tsutsar kafin ta yi fiffike. In kika yi sakaci kwana kaɗan, maƙwabta za su san kina kiwo, ba kuma na kifi ba. Jarirai bakinsu bai isa tsutsa ba, sai koren ruwan da ya kwana biyu a rana, a ɗiga musu kaɗan-kaɗan. Manya kuwa suna son gara. Malam yakan ɓantaro mini suri a hanyarsa ta dawowa daga gona, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya ce, "Ga tuwon baƙinki."

Haɗa aure ma sai da lura. Laka kaurin yatsa biyu a gindin kwatarniya, namiji ɗaya, mata biyu ko uku, don in mace ɗaya ce zai kore ta har ta gaji ta mutu. A jefa tsingaro a ciki inda za su riƙa ɓuya. Za ki ga ya rungume ta da fiffike sun nutsa cikin laka sun fito, shi ke nan an binne. In kaka ta yi, iyayen suka fara tsufa, sai a tsiyaye ruwan a shanya lakar a inuwa.

Masu saye iri-iri ne. Mata sukan shigo su karɓi ɗaya su jefa a randa ya riƙa cinye tsutsa. Amare suka ɗauki yayin sa kwalba a tsakiyar jere, tsakanin tasoshi, har ta kai uwar amarya takan aiko tun kafin a sa rana. Ranar kasuwar Makarfi Malam yakan ɗaura tulu a bayan keke tare da mazarƙwailarsa, a toshe bakin da ganye. Yakan dawo yana cewa an tambaye shi ko guda nawa ake sawa a miya. Samari ma sukan zo neman maza biyu don su haɗa su faɗa. Waɗannan nakan ce a gaya musu su jera kwalba biyu da kwali a tsakani, in suna son kallo su zare kwalin. Za su ga duk kumburin da suke so, ba wanda ya yage.

Akwai wani direban babbar mota daga Ikara da ya sayi mai lalle mafi kyau a wannan shekara. Bayan kwana biyu ya yi sallama a zaure, Malam ya fita, ina jin su ta bayan katanga.

"Malam, ka gaya wa maiɗakinka kifinta ba ya jure tafiya."

Na ce a tambaye shi inda ya ajiye kwalbar.

"A gaban mota mana, jikin gilashi, inda zai riƙa ganin hanya."

Malam ya ce, "To ai dafa shi ka yi, Alhaji. Gishiri kawai ka manta."

Na ba shi wani, da sharaɗin a gida zai zauna wurin iyalinsa.

Haka muka yi ta tafiya cikin rufin asiri har shekarun fari suka zo, wajen lokacin da aka canza kuɗi aka daina fam da sule. Iya Kande ta riga ta rasu. Ruwa ya yi latti, ya zo kaɗan, ya ɗauke dawa tana bununi. Kududdufai ba su cika ba. Ba mai zancen kwalba a jere, kowa ta hatsi yake yi. Da ɗan ruwan saman da na tara na samu na haɗa masu lalle kaɗan, na tattara lakar gaba ɗaya a tukunyar Iya, na tura ta ƙarƙashin rumbu. Ita ke nan gare ni, ba ni da wata.

A wannan ranin ne 'yar farina ta dawo gida haihuwa. Kun san ta, ba sai na kama sunanta ba. A al'adarmu uwa ba ta nuna ta damu da 'yar fari. Ba ta karɓar haihuwarta, ba ta yi mata wanka, ɗakin jegon ma sai dai ta wuce ta gefensa kamar ba ta san da mutum a ciki ba. Don haka aka ɗauko Yaya Dije, yayar Malam, daga wani ƙauye a ƙasar Ikara. Mace ce mai aiki kamar maza uku, mai baki kuma daidai da aikinta. Ita ta goyi Malam, har ya yi furfura bai daina sunkuyar da kai in tana magana ba.

Ranar da naƙuda ta tashi na yafa mayafi na shiga maƙwabta, na zauna ina taya su sussukar da ba a roƙe ni ba. Sai da aka yi guɗa, rana ta yi sanyi, na dawo. Ina shiga na ga tukunyar Iya Kande a kan murhu, ruwa yana tafasa da ganyen darbejiya. Malam ya aro rabin durom don wankan, amma Yaya ta ce ita ba ta dafa wa mai jego ruwa a abin da ke warin mai. Ta zaga gida ta sami tukunyar da ta yi mata.

Na wuce ɗaki. Da Malam ya shigo na ce masa a hankali, "Da ka tambayi Yaya inda ta zuba ƙasar da ke ciki."

"Ni? In tambayi Yaya Dije zancen ƙasa ranar da ta karɓi haihuwa? Ke dai so kike a haɗa da ni a wankan."

Ni kuma ba dama. Uwar da ba ta tambayi lafiyar mai jego ba, ta buɗe baki ta tambayi laka? Na duba juji, na duba turken awaki, na duba bayan katanga, ban ga komai ba. Sai bayan suna Yaya ta ƙwala mini kira daga rumfar da ke gaban ɗakin jego, inda na daina bi.

"Asabe, zo ki ga abin da kika shekara ashirin ba ki yi ba."

Ta gina wa randunan gidan mazauni. Baƙi sumul, da gurbi uku, ta yi masa ado da yatsa a gefe. Ta kwaɓa lakata da ramno, yankakkiyar ciyawar nan ta gini, ta yi shi.

"Randunanki suna zaune a ƙasa kamar marayu. Ga ƙasa mai kyau kin ɓoye ƙarƙashin rumbu sai ka ce gyaɗar iri."

Matan da suka zo barka suna ta yabawa. Na ce, "An gode, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Da suka watse na tsuguna kamar mai ɗiban ruwa, na tura yatsa ƙarƙashin babbar randa. Wurin da sanyi, da ɗan danshi, saboda naso. Daga ranar aikina ya zama kada randunan nan su taɓa zama ba ruwa, a shekarar da guga yake dawowa da rabi. Nakan rage na wankina in ƙara musu. Na kafa zana ta ɓangaren da rana take shigowa. In Yaya za ta sauke ruwan zafi, sai in san yadda na yi na janye ta nesa da wurin. Ƙwayayen da suka riga suka farka ranar da ta kwaɓa sun tafi, wannan na sani. Masu jiran ruwa na biyu nake yi wa aiki.

Aka yi arba'in, mai jego ta koma ɗakinta. Yaya ba ta tafi ba, don rijiyar ƙauyensu ta ƙafe, 'ya'yanta maza sun tafi cin rani, Malam ya ce ta zauna sai ruwa ya sauka. Kullum da safe takan shafa ginin nan da jiƙaƙƙen hannu ta gyara adonsa. Na roƙi Malam ya je Taba ya ɗebo mini laka a tsohon ramin Iya. Ya dawo ya ce an nome wurin, an kafa jigo, albasa ce a kai. Ya dai kawo ɗan abin da ya samu a ƙyalle. Na jiƙa, ba abin da ya fito.

Ruwan farko na bar shi ya wuce. Da aka yi na biyu, mai ƙarfi, wanda ya sa maza suka fita da sungumi, na tara kwatarniyoyi suka cika. Da la'asar na sami goro biyu masu kyau na je na durƙusa gaban Yaya, tana kaɗi a rumfa.

"Yaya, roƙo na zo yi."

"Goro har biyu? Roƙon babba ne. Faɗi."

"Gindin randan nan nake so a fasa."

Mazarinta ya tsaya.

"Ya tsage ne?"

"Bai tsage ba."

"Ya karkace?"

"Ko kaɗan."

"To aikin hannuna ne ba kya son gani a gidanki."

"Ba haka ba ne, Yaya. Irin kifina ne a ciki, wanda Iya Kande ta bar mini. Duk duniya ba sauran wani sai wannan."

Na yi mata bayani tun daga kaskon Taba. Ta saurara tana kallona kamar mai jin tatsuniya.

"Kifi a cikin gini. Yau na ji abin da ya fi fari. Wata nawa ina zaune a gidan nan, kina kallona ina shafa shi, ba ki buɗe baki ba?"

"Ranar da na ga tukunyar a wuta ba ranar maganata ba ce, Yaya. Bayan nan kuma mutane sun riga sun yaba."

Ta fasa goro ɗaya ta jefa a baki.

"Wannan kuma gaskiya ne. Da kin yi magana ran nan, da na ce ƙanena ya auri marar kunya." Ta ajiye audugar. "Ni na gina, ba mai sa masa hannu sai ni. Miƙo taɓarya. Amma in ba kifi, ki nemi inda za ki ɓuya, don har Ikara sai an ji labarinki."

"A hankali dai, Yaya, kada a daka."

"Ji ta. Za ta koya mini rushe abin da na gina."

Muka sauke randunan. Ta ƙwanƙwasa gefe-gefe har ya rabu, na tsince ɓangarorin da ke ƙarƙashin gurbi, masu danshi, na murmushe su da hannu ina cire ramno. Na rarraba a kwatarniyoyi, na jefa ganyen baushe, na rufe da faifai. Har aka kira magariba ba abin da ya motsa sai kumfa. Malam ya ɗaga faifai ɗaya ya leƙa, ya mayar, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Washegari da na idar da salla gari ya fara haske, na ɗauki ludayi da gashin kaza na zaga bayan ɗaki. Na tarar an riga ni. Yaya Dije tana durƙushe, carbi a hannu, hancinta ya kusa taɓa ruwa. Ba ta ɗago ba.

"Asabe, wannan dattin naki kallona yake yi."

Ba su da yawa, yatsun hannu biyu sun ishe su. Na tura su da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya suka shiga ludayi, na mayar da su ruwa mai kyau, na ɗiga musu koren ruwa. Na tsiyaye sauran, na shanya lakar a inuwa saboda masu jiran ruwa na uku, na ware ta kashi-kashi don kada ta sake zama a tukunya ɗaya. Sannan na ɗebo jar ƙasa a bayan gida, na kwaɓa da ramno, na durƙusa a rumfa na fara ɗora sabon mazaunin randa. Ban kai rabin gurbin farko ba na ji Yaya a kaina tana naɗe hannun riga.

"Ba haka ake yi ba. Matsa, je ki wurin 'ya'yanki."

Na matsa.